Lambatun da Na Zana Ya Kai Ruwa Gidan Surukata

Anti, don Allah ki taimaka min da shawara tun kafin a kira taron dangi a kaina.

Ni injiniya ce, aikina zanen hanyoyi da magudanan ruwa. Shekarata huɗu da aure, ban taɓa sa-in-sa da uwar mijina ba, Inna muke ce mata. Da mutanen layinsu suka shirya yin lambatu, ita ta bi gida-gida tana cewa ba sai an nemo bare ba, ga ɗanta safiyo mai auna ƙasa, ga surukarta injiniya. Safiyon yayan mijina ne. Ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku, ya auna tudu da kwari, ya turo min fayil. Na zuba a manhajata, ta karɓa ba gardama, na yi zane, aka haƙa, aka zuba kankare. Ba zan ɓoye miki ba, tsohon maginin da ya yi mana aikin ya ce min a ganinsa gangaren ya juya. Na ce masa ido ba na'ura ba ne.

Ranar da aka yi ruwan farko, ruwan layin kaf ya bi lambatun cikin ladabi, ya wuce gidaje goma sha ɗaya bai leƙa ko ɗaya ba, ya shiga gidan Inna da ke ƙarshen layi. Takalmanta suna iyo a tsakar gida, kajinta sun haye katanga, ita kuma tana tsaye kan benci da lema. Abin da ya fi ƙona mata rai, maƙwabta sai shigowa suke suna yi mata godiya, wai bana ko ɗigo bai shiga gidajensu ba.

Da na bincika sai na gano manhajar Yaya tana rubuta lambar arewa kafin ta gabas, tawa kuma gabas take fara karantawa, fayil ɗin kuwa lambobi ne zalla, ba bayanin wanne ne wanne. Layin ya fito a juye, kai ya koma ƙafa. Yaya ya ce shekara ashirin na'urarsa ba ta taɓa ƙarya ba. Mijina malamin tarihi ne, ya ce a ganinsa duka muna da gaskiya. Yanzu in na gaida Inna, sai ta ɗaga kai ta dubi hadari kafin ta amsa.

In tona Yaya a gaban kowa, ko in haɗiye laifin ni kaɗai?

Taki, Injiniyar da Ruwa Ya Ci

Amsar Anti: 'Yar'uwa, sannu da wannan jiƙa. Na'urar Yaya ba ta yi ƙarya ba, taki ma haka. Kowacce yarenta ta yi, ku da ya kamata ku yi tafinta kuka naɗe hannu. Shi ya turo lambobi ba bayani, ke kuma kika gina a kansu ba ki gwada ba, har kika gwasale wanda ya gani da idonsa. Laifin ya rabu biyu, kuma kason da ya fi nauyi naki ne, tunda ke kika sa hannu a zanen.

Kada ki tona kowa. Ki ɗauki kwamfutarki ki sami Yaya shi kaɗai, ki fara faɗin naki kuskuren, sannan ki nuna masa yadda layin ya juye. Babba yakan karɓi gyara in ba 'yan kallo. Ku rubuta tsarin da za ku riƙa tura wa juna aiki: me ke zuwa farko, da wane ma'auni. Duk fayil ɗin da ya shigo, ki ɗauki wurare uku da kika sani, ki je ki taka su da ƙafarki kafin ki ja layi ko ɗaya.

Amma gyaran lambatu shi ne kan gaba, damina ba ta jiran sulhu. Ki nemo maginin nan, ki ba shi haƙuri, ki saurare shi. Maigida kuma, tunda kowa na da gaskiya a wurinsa, ya ɗauki shebur. Ita Inna kada ki soma yi mata lacca kan gabas da arewa. Ki durƙusa ki ce kin yi kuskure, ki faɗa mata ranar da za a gama gyara, ki kuma cika. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.

Allah ya sanyaya zukata, ya ƙara albarka a aikinki da gidanki.