Keken Sani Ba Birki

Yaya Hajara,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki, ya yara, ya mutanen gida? Mu nan Agege lafiya lau.

Sai dai autana Sani, mai karatu a Turai, ya hana ni sukuni. Bidiyo ya turo: ga shi can ƙolin dutse cikin taron masu wasan sulɓi a kan dusar ƙanƙara, yana gangarowa kan wani keke marar taya, sai katako biyu masu santsi. Wai Asabar zai koma.

Na kira shi na ce, "To, ka dai duba birki."

Ya yi dariya. "Baba, ai ba shi da birki."

Shekara arba'in ina gyaran keke, Yaya, iyakar shawarata ke nan.

Ki sa shi a addu'a ranar Asabar. A gaida Malam.

Ƙaninki,
Isa