Ɗiyata Mai Jego Ce, Ku Gyara Allonku

Zuwa ga Mai Girma Darakta na kamfanin da ɗiyata Balkisa take aiki a Yamai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida ka, ina gaida ma'aikatanka, da fatan kuna lafiya da iyalanku.

Da kai da duk wanda wasiƙar nan ta faɗo hannunsa, kada ku ce wata tsohuwa ce a Matameye take tsoma baki cikin abin da ba ta sani ba. Na yi koleji a Damagaram, kuma ba na rubutu sai na tambaya na fahimta.

Na fara da albishir. Balkisa ta sauka lafiya, mun sami ɗiya mace mai ƙoshin lafiya da ƙarfin murya. Haihuwar fari ce, don haka a gidana take wankan jego, kamar yadda na yi a gidan uwata. Shekarar ta zo da fari, gero ya yi tsada, kuran kuwa, wato lantarki, tun da sojoji suka karɓi mulki sai ya ga dama yake zuwa. Duk da haka gidanmu cike yake da murna. Ragon suna ramamme ne, amma ya ishi kowa. Na gode da hutun da kuka ba ta da turmin zanen da kuka aiko.

Yanzu ga ƙorafina. Balkisa ta bayyana mini cewa kuna da ɗaruruwan na'urori masu aiki tare, masu hasashen ruwan sama na cikin waɗanda suke dogara da su, ita kuma aikinta ta riƙa duba lafiyarsu a wani allo da ake buɗewa ta intanet. Aiki ne mai daraja, musamman bana da kowa ya ɗaga kai sama. Ina alfahari da ita.

Ranar suna da safe, wanzami yana aske jaririya, mata sun cika tsakar gida, sai abokin aikinta Laminu ya kira. Aiki ya tsaya, kuma sun kasa gano na'urar da ta jawo. Ta ɗauki salula, allon ya ƙi buɗewa don razo, wato sabis ɗin waya, ba shi da ƙarfi a ɗaki. Kafin in juyo daga wajen tukunyar kunun kanwa, mai jegona ta ratsa zaure, ta wuce ta gaban maza, tana tsaye bakin hanya cikin iska, jikinta ɗanye. Dangin mijinta suna kallo. Gwaggon mijin ta tambaye ni, tana dariya, ko a gidanmu haka ake jego. Na yi dariya ni ma, amma ban ji daɗi ba. Washegari Balkisa ta tashi da zazzaɓi, jaririya tana ta kukan nono. Alhamdu lillahi ta warke.

Da ta samu sauƙi na sa ta nuna mini allon, ta kuma faɗa mini gyaran da ta daɗe tana so a yi. Ga su:

1. Abin da ya lalace ya fito a sama, a shafin farko. Ranar nan wata na'ura ce guda ta cika, babu wurin ajiya, amma sai da ta bi shafi bayan shafi kafin ta same ta.

2. Ja ya zama na haɗari kaɗai. Na ga ja ko'ina a allon, ta ce yawancinsu ba komai ba ne, sun saba. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Na raini yara, na san wanda yake ihu kan kowane abu, ranar da ya ji ciwo na gaske ba mai waiwayarsa. Kun koya wa ma'aikatanku raina gargaɗi da hannunku.

3. Allon ya yi sauƙin buɗewa a salula, ko da razo mai rauni. Ba kowa ne yake zaune a biro, wato ofis, cikin sanyi ba.

4. A gefen kowane gargaɗi a rubuta ma'anarsa da matakin farko da za a ɗauka, da kalmomin da sabon ma'aikaci zai gane.

Ba na zargin Laminu. Yaro ne mai ladabi, ya kira ya ba ni haƙuri, har ya ce sun fara rage jan. Na yi farin ciki da haka. Amma Mai Girma Darakta, idan kayan aiki mutum ɗaya ne kawai yake iya karanta shi, ba yabo ba ne ga mutumin, sakaci ne na shugabanni. Ina roƙon ka ba su lokaci su kammala gyaran nan kafin Balkisa ta koma, kuma a koya wa wasu, don mai haihuwa ta gaba ta huta.

Allah ya ƙara maka basira, ya albarkaci kamfaninku, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. In hanya ta kawo ka Matameye, akwai furarka.

Sai dai ka san dokar da na kafa a gidana. Daga yau har Balkisa ta yi arba'in, salularta tana ɗakina. Duk wanda ya kira daga wurin aiki da ni zai yi magana, zan gaishe shi da kyau, in karɓi barkarsa, in isar da gaisuwa. Maganar na'ura kuwa ba ta wuce ƙofar ɗakina.

Wassalam.

Hajiya Rabi, uwar mai jego,
Matameye.