Wankan Iya Delu

Malbaza

Zuwa ga ƙanwata Ikilima,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da yara da mai gidanki. Dogo direba ya ce ya gan ki a kasuwar Badagishiri da buhunan albasa, na ji daɗi. Nan ma komai ya koma daidai, motocin siminti suna fita, masallaci ya cika, ba mai zancen korona.

Lurwanu ɗan Iya Delu ya same ni a tasha. Ya ce jikin tsohuwar ya yi tsanani, hannunta na rawa, ta daina wankan gawa. Ta aiko miki kin ƙi zuwa. Roƙonta shi ne in ta cika ke za ki wanke ta, don a unguwarku ba macen da ta iya sai ke. Ki yi haƙuri ki amsa mata. Abin da ya wuce ya wuce.

Yayanki mai son alherinki ba zai ce miki abin da zai cuce ki ba. Ki gai da kowa.

Muttaƙa

Badagishiri

Yaya Muttaƙa,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka.

Ya wuce a wajenka. Ka tambayi Lurwanu yadda aka yi na iya wankan?

Ranar da Innarmu ta rasu, da tarin nan da zazzaɓin da ba wanda ya tabbatar ko cutar ce, na ruga gidan Iya Delu ba takalmi. Matar da ta wanke rabin matan unguwar nan, wadda kullum take cin tuwo kwano ɗaya da Inna. Ta biyo ni, amma ta tsaya bayan katanga, ta toshe hanci da gyale. Ta ce: "Ɗiyata, ban iya shigowa, ina da jikoki. Kama wankan ta gefen dama, ni gaya miki." Haka na wanke uwata, ana ɗaga mini murya ta kan katanga kamar mai sayen gishiri. Da zan juya ta, ba mai kama mini. Na jingina ta da gwiwata.

Ba a yi zaman makoki ba. Tabarmin da na shimfiɗa, kaji ne suka hau.

Yanzu kowa ya wartsake. Matan da suka hana 'ya'yansu ɗiban ruwa a rijiyarmu su ne suke rungume ni wajen suna, har da tambayar ina na sayi atamfa. Ba zan yi ƙarya ba, ina jin daɗin kasuwa, ran nan har dariya na yi wajen biki. Da na dawo gida na ji haushin kaina. Ba wanda ya ce mini ko sannu kan abin da aka yi. So ake in yi kamar ban gani ba, kuma na gani.

Kai ma da kake ba ni haƙuri, kana ina?

Ka huta lafiya.

Ikilima

Malbaza

Ikilima,

Bayan gaisuwa. Kin san ina Yamai da lodi aka rufe garin, jandarma ba su bar ko babur ya fita ba. Kada ki haɗa ni da su, wannan maganar ta ƙona mini rai.

Ban ce ki yafe ba. Amma tsoro ya kama kowa a lokacin, har limamai. Iya Delu ko bayan katanga ne ta zo, sauran ko leƙowa ba su yi ba. In kin ƙi, sai an je neman mai wanka wata unguwa, tsohuwa tana kwance ana jira. Kin fi kowa sanin ɗacin wannan. Shawara tana hannunki.

Allah ya sanyaya miki.

Muttaƙa

Badagishiri

Yaya,

Ina gaisuwa. Iya Delu ta rasu ranar Laraba da hantsi. Ban je duba ta ba tana da rai, kuma ban amsa mata ba. Da Lurwanu ya yi sallama a ƙofa dai na ɗauki gyalena.

Ɗakin cike da mata, kowa na son ta kama mini. Na kori duka, na bar surukar Iya Delu. Ita ce ta kawo ruwan, na sa hannu na ji da ɗumi, da ganyen magarya a ciki. Na tambaya, ta ce ai haka Iya take yi wa kowa, ba ta taɓa zuba wa mamaci ruwan sanyi ba.

Na wanke ta tsaf, ban rage komai ba. Kada ka yi mini godiya, raina a ɓace yake.

Yaya, ni ba wanda ya gaya mini. Da ruwan randa na wanke Inna.

Ikilima