Gahawar da ta tayar da Inna a Bahar Maliya

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Yaya Malam da yara? Yaya ƙafar taki? Mu dai mun iso Makka lafiya, mun sauka a unguwar Mansur wurin Kawu Sule.

Yaya, a teku na ɗauka Inna ba za ta kai ba. Jirgin na katako ne, iska ke tura shi. Kwana uku ko ruwa ta sha sai ya dawo. Sai wani tsohon matuƙi ɗan Sudan ya hura gawayi cikin akwatin yashi, ya soya gahawa, ya daka da citta, ya dafa a buta. Jirgi na tangaɗi, muna ta faɗuwa, shi kuwa ya matse butar da ƙafafunsa. Ba ya tsiyayawa sai jirgi ya ɗan daidaita. Wallahi ko ɗigo bai zube ba! Inna ta kurɓa, ta tashi zaune, ta nemi gurasa.

Jiya da ta gama ɗawafinta, sai ta sake wani domin tsohon matuƙin nan.

Ki gaida kowa. Ku sa mu a addu'a, ku sa shi ma. Ko sunansa ba mu tambaya ba.

Ƙaninki,
Sa'adu