Shuɗin Hannuna Da Na Jikata

Malama Safiya, ki taimake ni da amsa, don a gidana babu mai ba ni. Ban yi boko ba, maƙwabcina Isyaku tela ne ke rubuta mini, kuma na ce kada ya kuskura ya gyara mini magana.

Ni marini ne. Tun ina yaro hannuna ke cikin ruwan baba a karofi, har shuni ya zauna mini a fata da farce, ba sabulun da ke fitar da shi. Da hannun nan na ciyar da ɗana Maharazu, da shi na sa shi makaranta. Wata rana, yana sakandare, na je duba shi. Sai ya tare ni a bakin ƙofa, ya ce in sa hannuwana a aljihu kada abokansa su gani. Na sa. Na tako har gida Dala a ƙasa, ban gaya wa ko uwarsa ba har Allah ya karɓi ranta. Maganar tana nan a ƙirjina kamar jiya.

Yanzu gwiwa ta kayar da ni. Daga shimfiɗa sai bakin ƙofar ɗaki, ko masallaci sai an riƙe ni. To ji abin da idona ya gani. Matar Maharazu, Shamsiyya, malamar ƙananan yara ce. Duk Asabar sai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta jera kwanonin fenti na kanti, 'yarsu Zinariya mai shekara uku ta tsoma tafin hannu ta manna a takarda. Har da shuɗi fa, Malama! Maharazun nan da kansa ya sa ɗaya a gilashi ya rataye, duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa. A zaɓen nan ma haka ya dawo yana ɗaga yatsa mai tawada kamar wanda aka naɗa wa rawani.

Sai na ce tunda shuɗin hannu ya zama abin ado, bari jikata ta san na gidansu. Na aika aka ɗebo mini ruwan baba a ɗan tulu, na ɗora ta a cinyata, na tsoma hannunta. Ta yi ta dariya tana kallon kore yana juyewa shuɗi. Can sai hannun ya yi ja, ta murza ido da shi, aka yi kuka, aka ruga kemis. Ta warke sarai, na rantse. Amma tun ranar aka ɗauke tabarmar aka kai bayan katanga, in Zinariya ta nufo ɗakina sai a sure ta. Ina jin dariyarta, ba na ganinta, kuma ba ni da ƙafar bin ta. Wai sai na ba Shamsiyya haƙuri. Ni? Wa ya ba ni haƙuri a ƙofar makaranta?

An ce soja sun koma bariki, kowa ya faɗi abin da ke ransa. To na faɗa. Wani ya amsa mini: me ya sa nasu abin ratayewa ne, nawa abin cusawa a aljihu?

Tsohon marini, Dala

Baba, ga amsarka. Hannunka ba abin ɓoyewa ba ne, bai kuma taɓa zama ba. Maharazu ya yi kuskure, ko da ƙuruciya ce ta ja shi, kuma ya kamata ka ji haka daga bakinsa. Amma ka ce ko mahaifiyarsa ba ka gaya wa ba. Shi fa, ka taɓa gaya masa? Ka kira shi ɗakinka, ku biyu kawai, ka faɗa masa kamar yadda ka faɗa mini.

Sai dai Shamsiyya ba ta ƙofar makarantar nan. Abin da ta gani shi ne idon 'yarta a kumbure. Ka fi ni sanin tokar da ke cikin ruwan karofi. Fatarka ta saba da ita, ta 'yar shekara uku ba ta saba ba. Ba raina sana'arka ta yi ba, tsorata ta yi. Ka ce mata ba ka yi nufin cuta ba, kuma ba za a sake ba. Wannan ba zai rage maka girma ba, rashin faɗarsa kuwa jikarka yake hana ka.

Sannan ka nemi a dawo da tabarmar bakin ƙofarka. Ruwan zoɓo zai ba ku ja, gangamau rawaya, garin kuka kore. A dama da ɗan koko don ya kama takarda, ko Zinariya ta kai baki ba komai. Ka nuna mata yadda ake ɗaure ƙyalle da zare kafin a tsoma. Ruwan baba ya jira ta girma.

Asabar ɗin farko kuwa, ka tsoma naka hannun a shuɗin nasu, ka manna kusa da nata a takarda ɗaya, ka miƙa wa Maharazu ya nemo mata gilashi.

Allah ya sassauta gwiwa, ya ƙara lafiya, ya dawo maka da Zinariya kan cinya.

Malama Safiya