Ranar da Na Biyo Ka Gareji

Zuwa ga maigidana, Malam. Sallama irin ta Musulunci a gare ka, da gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

Ni ce Asabe. Har yau bakina bai iya kama sunanka ba, sai ka yi haƙuri da Malam ɗin da ka saba ji. Jikarmu Hadiza ce ke rubutawa, ina faɗa tana danna waya, ta ce mutane da yawa za su karanta. To su karanta mana. Abin da muka ɓoye a Gumel ai ya daɗe da fitowa fili.

Jiya wata babbar mota ta tsaya a bayan gida tana tuƙa farin hayaƙi, injinta na ɗingishi. Daga kan tabarma na ce nozul ɗaya bai zauna daidai ba. Yara suka kwashe da dariya, wai ina tsohuwa ina sanin nozul. Ni kuwa kai na tuna.

A shekarar da aka canja hannun tuƙi yanar ido ta fara rufe maka gani. Ba ka faɗa ba, ni ma ban tambaya ba, amma na ga yadda kake laluben buta kafin ka ɗauka. Sai wata la'asar ka shigo da kwanon samira rabinsa man gas, da wasu ƙananan ƙarafa a ciki kamar 'yan yatsu. Ka ce rairayin gareji ya yi yawa, nozul kuwa ba ya shiri da rairayi, gara a riƙa wanke su a ɗakina. Gaskiya ka faɗa, amma rabinta. Na ajiye hular da nake ɗinki na karɓi kwanon.

Kai ka koya mini cewa wannan ɗan ƙarfen shi ke fesa gas cikin inji, ta wasu ramuka da suka fi kafar allura ƙanƙanta. A cikin kowanne akwai allurarsa, kana cewa ba a raba aurensu, idan aka sa ta wani a gidan wani an ɓata biyu. Ni ke wankewa, ni ke ɗaga su ga hasken ƙofa in gaya maka ramin da ya toshe da wanda ya ci.

Ka kafa ɗan famfon gwaji a gindin darbejiyar tsakar gida. Kai ka danna, ni in kalli feshin a kan farin ƙyalle. Mai kyau yana fesawa daidai ta kowane rami, yana ɗan kuka kamar gyare, ya yanke ba ɗigo. Kukan naka ne, feshin nawa. Ranar da na kai hannu kusa da bakinsa ka kaɗe mini shi da ƙarfi, ka ce gas ɗin yana huda fata ya ruɓar da yatsa. A duk zamanmu ranar kaɗai ka taɓa ɗaga mini hannu, na kuma yini ina kumburi, kana ta lallashi da tsire.

Mu biyu mun san abin da muke tsoro, ko da ba mu taɓa furta shi ba. Ranar da masu motoci suka san idon bakanike ya tafi, ranar za su kwashe aikinsu su kai Kano. Garejin nan shi ne tuwonmu, shi ne kuma sunanka. Daga Maigatari har Gagarawa cewa ake yi nozul sai Malam. In na ji an faɗa sai in yi murmushi a bayan zana in ci gaba da tankaɗe.

Sai ga shekarar fari. Shanu na gangarowa daga Damagaram a rame, ana sayar da su a Maigatari kamar kyauta, wanda ya saya kuma dole ya yi maza ya kai su Kano kafin su faɗi. Alhaji Barau, wanda ya fi kowa motoci a cikin masu kawo maka aiki, babbar motarsa ta mace a Gumel ranar Laraba, ga shi gobe Alhamis kasuwa ke ci, za ta yi lodi. Direbansa ya kawo maka gwangwani cike da nozul da ya sayo a tsallaken iyaka, da sababbin washa, zobban jan ƙarfen da nozul ke zama a kansu. Ka ce har cewa ya yi ai duk gazuwal suke sha, wato gas, a ɗaura kowanne, in da hali ma masu manyan ramuka don motar ta riƙa cin rairayi. Ka ce masa baƙin hayaƙi ba ƙarfi ba ne, ƙona fistin ne kawai.

Na shimfiɗa ƙyalle na zube su. A ido ɗaya suke, amma wasu ramuka huɗu, wasu biyar, wasu bakinsu ya ɗara da kamar ƙwayar gero. Ban yi boko ba, sai na bi lambobin jikinsu yadda nake bin zanen hula, na gwada da na tsofaffin da ka ciro. Na tsamo shida masu kama ɗaya, muka gwada su a gindin darbejiya, duk suka yi kukan da kake so. Da safe ka naɗe su a ƙyalle ka fita.

Garejin ba nisa, in aka ta da inji ana ji daga gida. Na ji ya tashi yana ɗingishi, an kashe. Ya sake tashi, an sake kashewa. Haka har hantsi ya dubi ludayi. Raina bai kwanta ba, na ɗauko kwanon da ka zuba tsofaffin a ciki na tsiyaye gas ɗin. Washa biyar na gani a ƙasa, ba shida ba. Na juye kwanon, na kaɗe ƙyallen, biyar ɗin dai.

Ka sha gaya mini cewa washar da ba ta biyo nozul ba tana can maƙale a gindin ramin. In aka ɗora sabuwa a kanta, nozul ya ɗago, iska ta riƙa sulalewa. Ramin kuwa yatsa ba ya kai ƙasansa, sai ido. Na san yanzu za ka fara zargin babban famfon gas ka kwance shi, yini ya tafi a banza, kasuwa ta watse.

Na yi tunanin aiken yaro. To ya je ya ce me a gaban direbobi? Asabe ta ce washa ba ta cika ba? Ai duk kanwar ja ce, ga shi zai iya jagula saƙon. Na ja mayafi. Ni da ban taɓa taka bakin tasha da rana ba tunda aka kawo ni gidanka, sai ga ni ina ratsa masu rake da masu shayi, na nufi gareji.

Na same ka tsaye a jikin motar, sifana a hannu, gumi ya jiƙa maka riga. Alhaji na kai da komo yana duban rana. Maza suka bi ni da kallo. Na zo na tsaya a gabanka, in na miƙa hannu zan taɓa ka. Ka ɗago ka dube ni sosai, ka ce, “Baiwar Allah, motar Gagarawa gaba kaɗan take lodi.”

Na san idon ya yi rauni, amma ban san ya kai inda ba ka gane fuskata ba. A gida ashe da motsina da muryata kake bina. Na yi ƙasa da murya na ce washa biyar ce a kwano.

Kana da hanyar fita, na kuma yi zaton ita za ka bi. Da ka ce abinci na kawo, ka daka mini tsawa in koma gida, babu wanda zai ga baƙinka. Sai ka juya wajen da muryar Alhaji take, ka ce, “Alhaji, wannan iyalina ce. Idona ya daɗe da tafiya, da nata nake aiki. A samo mata madubi.”

Aka kawo fasasshen madubin mota, aka kife mini rabin duro na taka. Kana ciro nozul ɗaya bayan ɗaya da laluben da bai taɓa kuskure ba, ina juya hasken rana cikin ramin. A na huɗu na ga jan ƙarfe na ƙyalli. Ka lanƙwasa bakin waya, ina ce maka hagu, ƙasa kaɗan, har ka ƙwaƙulo ta. Ka mai da kowanne mazauninsa, kana ɗaure notuna biyun nan kaɗan can kaɗan don kada ya karkace. Ka sassauta bututun gas sai da kumfa ta daina fita, ka ɗaure. Aka ta da inji ya miƙe sumul, hayaƙin ya washe.

Alhaji ya yi godiya, ya yi maka addu'ar samun lafiya, motarsa ta riski kasuwa. Daga ranar bai ƙara kawo maka ko keke ba. Sauran masu motoci suka bi sahunsa a hankali, kowa da uzurinsa mai daɗin ji. Aka bar mu da injinan niƙa da na ban ruwa da ake ɗorowa a amalanke daga Sule Tankarkar. Miya ta rage nama, amma ba mu kwana da yunwa ba. Ba ka taɓa yi mini gori ba, ko da wasa.

Abin da ya fi zauna mini shi ne komawarmu gida a ranar. Na tambaye ka ko na yi ɓarna da na fito. A tsakiyar titi, jama'a na kallo, ka ɗora hannunka mai baƙin mai a kafaɗata, ka ce, “Asabe, na gaji da yin kamar ina gani. Yi gaba, ina biye.” Na yi gaba ina hawaye, kana gaisawa da mutane da muryoyinsu, kana dariya irin wadda na daɗe ban ji ba.

Ina kewarka, Malam. Na faɗa, Hadiza ta rubuta, kunyar ta isa haka.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka kura-kuranka, ya yalwata makwancinka ya cika shi da haske. Allah ya buɗe maka ido a Aljanna, in tawa ta zo ya sa in cika da imani, in iske ka ka gane ni tun daga nesa. Amin.

Taka har kullum,
Asabe, daga Gumel.