Ƙodar Bala da Shinkafar Zauro

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ya yara da maigidan, ya zaman Fatakwal?

Tun da ƙanenmu Bala ya yarda zai ba Inna ƙodarsa, likita ya hana shi shiga ruwan fadama, kada ya kwaso cuta. Yanzu korona ta sa an ɗage aikin, ba a sa rana ba. Inna na ta wankin ƙoda a Birnin Kebbi, ciyawa na cinye shinkafar Bala a Zauro. Jiya ya ce, "Hauwa, in shiga gona ko in jira?" Wallahi na rasa ta cewa. Inna ta ce ya shiga, amma tana kuka.

Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a. Yaya, ya shiga ko ya jira?

Ƙanwarki,
Hauwa